Tsadar Gida da Fili a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan da wuya a tashi daga majalisa, ko a bakin masallaci bayan la'asar ko a wajen ɗaurin aure, ba a taɓo maganar gida ba. Wannan mai gidan haya ya ninka masa kuɗi, wancan ya shekara uku yana tarin kuɗin fili, ranar da ya je saye aka gaya masa abin da ke hannunsa bai kai rabi ba. Na tattara tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane, na amsa su a kan Kano da kewayenta, domin nan na sani.

Gidajen ne suka yi tsada, ko naira ce ta lalace?

Duka biyun, amma lalacewar naira ce uwa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka sakar wa naira mara ta nemi farashinta a kasuwa, ba a yi nisa cikin 2024 ba dala ta haura 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta fita ta taɓa dubu. A ƙarshen wannan shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

In kana son ka ga abin ƙuru-ƙuru, auna albashi da buhun siminti. A 2019, lokacin da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 30,000, buhu yana wajen 2,500, wato albashin wata yana sayen buhu goma sha biyu. A 2024 Kano ta mayar da nata mafi ƙarancin albashin 71,000. In buhu yana dubu goma, buhu bakwai ke nan. Albashi ya ninka har da ɗoriya, amma abin da yake iya ginawa ya kusan raguwa da rabi.

Shi ya sa mai gida da ɗan haya kowannensu yake da gaskiya in sun yi kuka. Mai gida yana cewa in ya sayar yau ba zai iya gina irinsa ba, kuma haka ne. Ma'aikaci yana cewa shi da naira ake biyansa, ba da dala ba, shi ma haka ne.

To fili fa? Ba a sa masa siminti ko rodi ba, me ke tayar da shi?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne mutane da yawa ba sa kallo.

A Kano fili ya daina zama wurin da za a gina kawai, ya koma asusu. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko Wambai da ya samu rarar miliyan ashirin, ina zai kai ta? In ya bar ta a banki, shekara ɗaya irin 2024 ta ishi hauhawar farashi ta cinye kashi ɗaya cikin huɗunta. Kuɗin ruwan da banki zai ba shi kuwa ba ya so, domin riba ce. Hannun jari bai saba da shi ba. Dala tana hawa tana sauka, kuma ana iya sace ta. Fili kuwa ba ya ci ba ya sha, ba ya ruɓewa, ɓarawo ba ya ɗaukarsa a ka. Sai ya sayi fuloti biyar a Langel ko Janguza ko hanyar Gezawa, ya zagaye da bulo layi uku, ya manta da su. Haka ma mai riƙe da muƙami da yake neman inda zai ɓoye abin da ya samu, haka ɗan'uwanmu da ke aiki a Saudiyya ko Ingila yana turo kuɗi gida.

Abin da wannan ya haifar shi ne, ba mai neman wurin kwana ne ke yanka farashin fili ba, mai neman wurin ajiya ne. Malamin makaranta da ke son fuloti ɗaya ya rufa wa iyalinsa asiri yana takara da mutumin da bai damu ko an gina wurin nan da shekara goma ba. Ka zaga bayan gari da yamma ka ƙirga kangaye da filayen da aka katange aka bar wa ciyawa, sannan ka shiga Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi ka ga mutum takwas a ɗaki ɗaya. Wannan abin yana ci mini rai. Ƙasar tana nan, ba ta ƙare ba, tana hannun waɗanda ba sa buƙatarta yau.

Sai kuma jita-jita. Da zarar an ji gwamnati za ta kai wani aiki wani wuri, farashi ya tashi kafin a sauke tifar yashi ko ɗaya. An gani a Zawaciki saboda tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Janairun 2023. An gani a Dangwauro saboda sabuwar kasuwa. An daɗe ana gani a hanyar Gwarzo saboda sabuwar jami'ar Bayero. Manomin da ya sayar da gonarsa tun farko shi ne ya fi kowa asara.

Yawan jama'a ba shi da hannu?

Yana da shi sosai. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma yaran da aka ƙirga a goye a wancan lokacin su ne yau ke neman ɗakin aure. Ƙananan hukumomi takwas na birni, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, sun cika sun tumbatsa zuwa Dawakin Kudu, Tofa, Gezawa da Dawakin Tofa. A kan wannan aka ƙara baƙin da rashin tsaro ya koro: mutanen Borno da Yobe tun bayan 2009, sannan na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka hana zama. Masu hali a cikinsu sun sayi gidaje, marasa hali sun shiga layin haya.

Za ka ji ana cewa Najeriya na da giɓin gidaje miliyan 17, wani ya ce 20, wani 28. Kada ka rataya hujja a kan ɗaya daga ciki, domin ko tsohon ministan gidaje Babatunde Fashola ya fito ya ce waɗannan alƙaluma ba su da tushe.

A ƙasar nan ake yin siminti. Me ya sa yake tsada kamar daga waje aka kawo shi?

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar: Dangote, BUA da Lafarge. Ga masana'antar Obajana a Kogi, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe. Dutsen da ake yin simintin da shi namu ne, amma gas da gawayin da ake ƙona shi da kayan gyaran injuna duk dala ce ke juya su, sannan tirela ce ke kawo shi Kano da dizal a kan hanyoyin da kowa ya sani. Wannan hujjar kamfanonin ke nan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kasuwar da mutum uku ke riƙe da ita ba ta da dalilin gaggawar sauke farashi. A Oktoban 2023 BUA ya sanar da 3,500 a bakin kamfani, mai saye a unguwa bai gani a ƙasa ba. A Fabrairun 2024 buhu ya haura dubu goma, gwamnati ta zauna da kamfanonin aka ce tsakanin 7,000 da 8,000, bayan ɗan lokaci ya sake hawa.

Kuma siminti ɗaya ne daga cikin kaya. Rodi, kwano, katako, wayar wuta, tayil, fenti, tifar yashi, ladan magini da lebura, babu wanda ya tsaya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne yadda tsada ke sa a rage inganci. Mai buga bulo yana ƙara yawan abin da yake fitarwa daga buhu ɗaya har bulon ya riƙa marmashewa a hannu. Mai gini yana rage rodi a ginshiƙi. Ba mu manta da benen da ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022 ana cikin gininsa ba. In kuɗinka ba su kai bene ba, yi na ƙasa.

Mene ne bambancin awon gwamnati da awon igiya, kuma wanne zan saya?

Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta yanka bisa tsari: an fitar da tituna masu faɗi, an ware wurin makaranta da masallaci da asibiti da maƙabarta, kowane fuloti da lambarsa da fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa. Awon igiya kuwa gona ce mai ita, ko wanda ya saya a hannunsa, ya kira mai awo aka yayyanka, aka sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Mafi yawan unguwannin da talakan Kano yake zaune a ciki haka suka samu.

Awon igiya ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba zan ce kada ka saya ba, domin ga mutane da yawa shi kaɗai ne ƙofar da ta rage. Amma ka san abin da kake saye. Mai yanka yana son ya fitar da fuloti mafi yawa, don haka layi yakan zama lungun da motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Ba a barin hanyar ruwa, sai damina ta zo a gane. Ba wurin makaranta, ba wurin zubar da shara. Da ana maganar ƙafa hamsin da ɗari, aka dawo hamsin-hamsin, yau har ashirin da biyar da hamsin ake yankawa, inda masai da rijiya suke kusan jingine da juna. Daga baya kai ne za ka haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayi falwaya da taransifoma, ku haƙa kwata, ku yi ta cikon hanya. Arahar farko ana biyanta a hankali.

Babban haɗarin kuma shi ne ranar da gwamnati za ta buƙaci wurin, ko a gano tun asali yana cikin wani tsarin da aka riga aka zana. Mai takardar hukuma yana da bakin magana a kan diyya. Mai takardar da aka rubuta a gindin bishiya yakan sha wuya.

In awon igiya za ka saya, je wurin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Fili da rani duk kyau gare shi.

An ce duk ƙasa ta gwamna ce. To me nake saye ke nan?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama da amfani ne, takardar C of O kuma ita ce shaidarsa, yawanci na shekara 99. In za ka sayar ko ka ba banki jingina, doka ta ce sai da amincewar gwamna. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 haka tsarin yake.

Kafin ka biya ko kwabo, a binciki fayil ɗin a hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen Kano ko ma'aikatar ƙasa, a tabbatar sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa ko akwai takardun da suka haɗa shi da shi, kuma ba a ajiye takardar a banki an ci bashi ba. Ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko an yarda a gina gidan zama a wurin. Ka gana da mai unguwa da maƙwabtan filin ta kowace kusurwa. In gado ne, ka ga takardar rabon gado ta kotu, ka ji daga bakin magada, har da mata. Ka biya ta banki, ba kuɗi a leda ba, lauya ya rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu.

Wani ɗan'uwana ya sayi fuloti a bayan gari, ya ajiye takarda a akwati ya tafi neman kuɗin gini. Bayan shekara biyu ya dawo ya tarar da ginin wani har linta. An sayar wa mutum biyu, kowanne da takardarsa da shaidunsa. Ya yi shekaru yana zirga-zirga, abin da aka mayar masa a ƙarshe bai isa sayen rabin irin filin ba. Da ya sa ko harsashi ne ya riƙa leƙawa, da an gane da wuri.

Ko takardar hukuma ma a duba asalinta. Rusau ɗin da aka yi a Yunin 2023 a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sansanin alhazai ya nuna cewa filin jama'a da wata gwamnati ta yanka ta sayar, wata tana iya zuwa ta ce ba ta yarda ba. In an kawo maka wuri a jikin makaranta, maƙabarta, ganuwa ko asibiti, bar shi komai kyansa.

Dillalai ne ke tsawwala farashi?

Suna ƙarawa, amma ba su ne tushe ba. Dillali na gari yana da amfani: ya san wane fili ke da rigima, ya san wane magaji ne bai yarda ba. La'adar da aka saba a cinikin gida ko fili kashi 5 cikin 100 ce. Matsalar ita ce dogon layin 'yan kayi-nayi, inda mai gida ya ce miliyan goma, kafin magana ta iso kunnenka ta bi hannu biyar ta zama sha uku. Maganinta ɗaya ne: kada ka biya sai an zaunar da kai da mai abu ido da ido, ka ji farashi daga bakinsa.

Mai gidan da nake haya ya ninka kuɗi, ya ce in ban biya ba in tashi ƙarshen wata. Yana da wannan ikon?

Yana da ikon ƙara kuɗi idan wa'adin da ka biya ya ƙare. Ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa, ko cire ƙofa, ko yaye kwano, ko yanke maka wuta da ruwa don ka gaji ka tafi. Sai ya ba ka sanarwa a rubuce, in ka ƙi tashi ya kai ka kotu. A yawancin jihohin ƙasar nan mai biyan shekara-shekara ana ba shi wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai fa in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Don haka ka karanta abin da ka sa wa hannu, ka kuma adana rasit.

Kafin a kai ga kotu, a gwada mai unguwa ko limami. Sau da yawa mai gidan shi ma tsoho ne ɗan fansho da hayar nan ce abincinsa, kuma ana iya daidaitawa a kan biya kashi biyu ko uku.

Abin da ya fi karya ɗan haya shi ne biyan shekara guda dunƙule, wani wurin ma biyu, alhali shi wata-wata ake biyansa. Legas ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya tun dokarta ta 2011, ko da yake ba kowa ke bi ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga abin da za a yi wa haraji. Zai ɗan taimaki mai albashi mai kauri. Mai tura baro da mai ɗinki ba abin da zai canza musu.

Ni ma'aikaci ne, ana cire mini kuɗin gidaje duk wata. Ina suke tafiya?

Asusun gidaje na ƙasa ne, NHF, wanda aka kafa a 1992, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi. Mai zubawa yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya har tsawon shekara 30. Da iyakarsa miliyan 15, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. In ka yi ritaya ba ka ci bashin ba, kana da haƙƙin a mayar maka da abin da ka tara. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna barin kuɗinsu.

Ga lissafin da ya kamata ka yi kafin ka ɗora rai. Rancen miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30 yana nufin kusan naira 60,000 duk wata. Ba a so biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, don haka sai mai ɗaukar wajen 180,000 ne zai cancanta. Mai 71,000 ko kusa bai zo ba. Kuma sai gidan yana da cikakkiyar takarda, abin da yawancin gidajen Kano ba su da shi. A bankin kasuwanci kuwa, inda ruwa ke kai kashi 25 ko fiye, ruwan miliyan 10 kaɗai ya haura 200,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗin ba.

Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda mai asusun fansho ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara ya biya kason farko na rancen gida. Ka yi tunani sosai kafin ka taɓa, domin abincin tsufanka ne.

Ba na son riba. Akwai wata hanya?

Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019. Tsarin shi ne banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar ciniki da aka yanka tun farko, ko ku yi tarayya a mallaka kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali har ya zama naka. Halaccin ciniki daban, araha daban: abin da za ka biya duk wata ba lallai ya yi ƙasa da na sauran bankuna ba, kuma su ma takarda suke nema.

Abin da na ga ya fi yi wa ƙananan ma'aikata aiki shi ne ƙungiyar gama kai ta wurin aiki. A sayi gona babba da sunan ƙungiya, a nemi hukuma ta amince da awon, a raba, a riƙa cira daga albashi. Sharaɗin shi ne shugabanni masu amana da lissafi a buɗe.

A kula da jinginar gida irin wadda aka saba, inda za ka ba mai gida kuɗi ka shiga ka zauna kyauta har ya dawo maka da su. Malamai da yawa sun ce bashi ne da ya jawo amfani. Ka tambayi malaminka kafin ka shiga.

Gidajen da gwamnati ke ginawa fa?

An yi a baya kuma sun yi amfani. Kundila, Gwammaja, Kabuga, Ɗanladi Nasidi da rukunin gidajen Shagari duk sun rufa wa ma'aikata asiri a zamaninsu. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kwankwaso ta gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Gidaje ne masu kyau da tituna, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, da yawa kuma suka daɗe ba kowa a ciki. Gwamnatin tarayya ta Tinubu ta ƙaddamar da nata shirin a Fabrairun 2024 a Karsana ta Abuja da gida 3,112, Kano ma tana cikin wuraren da aka zaɓa.

Ra'ayina shi ne ko gida dubu biyar gwamnati ta gina a shekara, ɗigo ne a garin da ake ɗaura aure ɗaruruwa kowace Juma'a da Asabar. Bakano ya iya gina gidansa da kansa, ɗaki-ɗaki, haka aka gina garin nan. Abin da ba zai iya yi wa kansa ba shi ne titi, magudanar ruwa, wuta da takarda. Da gwamnati za ta riga masu igiya isa gonakin bayan gari, ta yanka ƙananan fulotai masu tsari, ta biya manoma diyyar gaskiya, ta sayar wa wanda ba shi da ko ɗaya da sharaɗin ya gina cikin 'yan shekaru, da an ga bambanci. Sannan a ɗora haraji mai nauyi a kan filin da aka katange aka bari shekara da shekaru a cikin gari. Na san wannan ba zai yi wa manya daɗi ba, domin su ne masu filayen.

Mahaifinmu ya rasu ya bar gida a cikin birni. Mu sayar mu raba, ko mu riƙe?

Allah ya jiƙansa. In ke mace ce a cikin magada, fara da tabbatar da cewa an fitar miki da kasonki a rubuce, domin a irin wannan ciniki mata da marayu ne aka fi dannewa da sunan kunya.

Gidan cikin birni yana da daraja saboda 'yan kasuwa na saye su mayar da shi shaguna ko sito, musamman kusa da kasuwanni. Amma ku yi lissafi: in an raba kuɗin tsakanin mutum goma sha biyu, kason kowa zai sayi fili ya gina? Sau da yawa ba ya isa, kuɗin su narke a hidima, a wayi gari 'ya'yan masu gida sun zama 'yan haya. In wasu magadan na da hali, gara a yi wa gidan kuɗi su sayi kason sauran. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya saya kafin bare. In kuma tilas sai an sayar, kowa ya san inda zai sa kasonsa kafin kuɗin su shigo hannu.

In jira farashi ya sauko?

A naira, ban taɓa ganin fili ya sauko a Kano ya zauna ba. Yakan tsaya, ciniki ya yi sanyi, kamar lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, a samu wanda matsi ya sa ya karyar. Siminti da rodi kan ɗan sassauta in dala ta lafa. Amma wanda ya riƙe kuɗi a hannu yana jiran ranar araha, kuɗin ne ke raguwa.

Ginin ƙasa ba zai fi sauƙi ba?

Zai fi, kuma ya fi sanyi da bazara. Gidan Makama da gidajen cikin Badala shaida ne cewa tubali yana daɗewa in ana kula da shi. Matsalarsa yaɓe duk shekara, da ruwan da ke cin gindin bango a unguwar da ba magudana, da kuma yadda muka mayar da shi alamar talauci har ana hana mutum aure saboda shi. Akwai tsaka-tsaki: harsashi na dutse da siminti, bango na jan bulo ko bulon ƙasa da inji ya matse aka ɗan sa masa siminti, rufi mai baki da ya fito ya kare bango. Wahalar ita ce samun maginin da ya iya.

Abin da nake da shi kaɗan ne. Ta ina zan fara?

Fara da fili, ko ƙarami ne, ko da nisa, in dai takardarsa ta tsaya kuma ruwa ba ya kwanciya. Amma ka haɗa da kuɗin mota: in za ka riƙa hawa adaidaita sahu biyu zuwa wurin aiki, biyu dawowa, yara ma haka, lissafa abin da zai ci a wata ka gwada da hayar da kake biya yanzu. Wani lokaci rabin fuloti kusa ya fi cikakke a nesa.

Da ka saya, sa alama a ƙasa, ko harsashin katanga ne. Ka sa a zana maka gidan gaba ɗaya tun farko, ka nemi izinin gini, don kada ka zo kana rushe abin da ka gina. Kuɗin adashi in sun zo, mayar da su bulo, rodi ko kwano nan take. Siminti ne kaɗai ba a ajiyewa, yana daskarewa cikin 'yan watanni, sai ranar aiki ta matso. Ka gina ciki da falo, banɗaki da kicin, ka sa ƙofa da taga masu ƙarfi, ka tare. Filasta da tayil da silin su same ka a ciki, kuɗin hayar da ka daina biya su ne za su yi ɗaki na gaba.